Ƙwaƙwalwar sabar tana ta hauhawa, kuma ina zargin MBean da muke yi wa kowane haɗi

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato hauhawar ƙwaƙwalwa a wata sabar da aka damƙa mini kulawa da ita a wurin aikinmu.

An rubuta sabar da Java 17 a kan Netty, wato tarin kod da ke sarrafa haɗin netwok, aikinta kuma shi ne karɓar haɗi daga na'urorin POS da ke hannun wakilai a kasuwanni da unguwanni, waɗanda ke aiko da saƙonnin ISO 8583, wato tsarin saƙon cinikin katin banki, ta layin wayar salula. Domin masu amsa koken wakilai su riƙa ganin halin da kowace na'ura take ciki, waɗanda suka rubuta manhajar tun farko sun tsara cewa duk haɗin da aka buɗe a ƙirƙira masa MBean nasa, wato ɗan abin sa ido da ake yi wa rajista a JMX, tsarin Java na lura da manhaja tana aiki. MBean ɗin yana nuna adireshin da haɗin ya fito, da lokacin da aka buɗe shi, da yawan saƙonnin da suka shiga da waɗanda suka fita, da kuma saƙo na ƙarshe da ya wuce. Idan wakili ya kira ya ce na'urarsa ta ƙi aiki, sai a buɗe JConsole, manhajar da ke nuna jerin MBean, a nemo ta a duba. Tsarin yana da amfani, kuma ma'aikata sun saba da shi ƙwarai.

Rumbun da Java ke ajiye abubuwanta a ƙwaƙwalwa mun kayyade shi da -Xmx2g, wato gigabait biyu. Idan aka tashi sabar sabuwa komai lafiya lau yake tafiya, amma idan na bi ta da jstat -gcutil sai in ga ɓangaren tsofaffin abubuwa yana cika sannu a hankali, kuma abin da ya fi damuna shi ne ko bayan mai kwashe shara, wato sashen Java da ke share abubuwan da ba a amfani da su kuma, ya gama zagayensa, matakin da rumbun ke komawa kullum ya ɗara na jiya. A ƙarshe sabar takan shiga shara ba ƙaƙƙautawa, amsa ta yi jinkiri, na'urori su fara yankewa suna sake haɗawa, daga nan sai OutOfMemoryError. Maganin da ake yi a yanzu shi ne kashe ta a sake kunnawa da tsakar dare lokacin da ciniki ya lafa, wanda kowa ya san ba magani ba ne.

Abin da ya sa nake zargin waɗannan MBean shi ne, JConsole kansa yana ƙara nauyi wajen buɗe jerinsu yayin da kwanaki ke tafiya, kuma nakan ga sunayen na'urorin da na tabbata an kashe su tun da daɗewa. Sai dai shugaban sashenmu yana ganin cewa MBean ɗaya bai wuce 'yan lambobi kaɗan ba, don haka ba zai yiwu ya cinye gigabait biyu ba, shawararsa kuma ita ce a ƙara wa injin ƙwaƙwalwa a ɗaga -Xmx. Wani abokin aiki kuma ya ce a kashe JMX gaba ɗaya a huta. Tambayata ita ce, ta yaya zan tabbatar da cewa su ne sanadi kafin in taɓa kod ɗin, kuma idan su ne, shin gyara hanyar cire su ya wadatar, ko tsarin yi wa kowane haɗi nasa abin sa ido ne bai dace ba tun asali? Allah Ya saka da alheri.

Malam Baffa ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zarginka yana kan hanya, kuma hujjar shugaban sashenku tana da rauni a wuri ɗaya da ya kamata a fayyace masa cikin ladabi.

Duk abin da ka miƙa wa MBeanServer, wato sabar JMX da ke cikin manhajar, ta registerMBean, sabar JMX ɗin tana riƙe shi da riƙo mai ƙarfi a cikin wani teburi nata, ba ta kuma sakinsa sai an kira unregisterMBean da ainihin sunan da aka yi rajistar da shi. Ita kanta wadda ManagementFactory.getPlatformMBeanServer ke bayarwa tana raye muddin JVM, wato injin da ke gudanar da Java, yana raye, saboda haka mai kwashe shara ba shi da ikon taɓa wani abu da ke cikin teburin, ko da haɗin da aka yi MBean ɗin dominsa ya mutu tun makon jiya. Lamarin kamar kundin masauki ne da baƙo ya fice ba tare da an soke sunansa ba, ɗakin yana nan a kulle da sunansa, ba a ba wani.

Inda hujjar shugabanku ta gaza shi ne, ya auna girman MBean ɗin shi kaɗai, alhali abin da ya kamata a auna shi ne duk abin da yake hana a share. Domin MBean ya iya faɗin adireshi da yawan saƙonni, kusan tabbas yana riƙe da abin da ke wakiltar haɗin, shi kuma wannan yana riƙe da Channel, wato yadda Netty ke wakiltar haɗi, Channel yana riƙe da jerin masu sarrafa saƙo da aka jera masa, da duk bayanan da aka liƙa masa, idan kuma kuna amfani da TLS wajen ɓoye saƙonni har da injin ɓoye sirrin da ke tare da shi. Ka ce kuma yana nuna saƙo na ƙarshe, ke nan akwai cikakken saƙon ISO 8583 da aka warware filayensa yana rataye a jikinsa. Mu ɗauka, don lissafi kawai, cewa kowane MBean da aka manta da shi yana hana share kilobait 20, kuma ana mantawa da 10,000 a rana. Wannan kusan megabait 200 ke nan kullum, kwana goma sun isa su cika rumbunku. Idan aka ninka -Xmx, ranar faɗuwa kawai aka ɗage, tare da tsawaita lokacin da cikakkiyar shara za ta riƙa ɗauka.

Hanyar tabbatarwa mafi sauƙi ba ta buƙatar kayan aiki na musamman. Ka nemo lambobi uku a lokaci guda. Ta farko ita ce yawan MBean naku da ke rajista, wanda queryNames zai ba ka idan ka tace da sunan yankinku, ko getMBeanCount idan jimillar kake so. Ta biyu ita ce yawan haɗin da manhajarku take ganin a buɗe suke, idan tana da teburin da take lissafa su. Ta uku ita ce yawan haɗin da Linux ke gani a kan ƙofar sabar, wato port ɗin da take sauraro, wanda umarnin ss zai nuna maka. Idan ta farko ta zarce ta biyu da ta uku da nisa, to ana rufe haɗi ba a soke rajista, kuma laifin yana cikin kod ɗin rufewa. Idan dukansu sun yi daidai da juna amma sun zarce yawan na'urorin da ke aiki a zahiri, to haɗin ne ba ya rufuwa, wanda wata matsala ce daban. Idan kuwa dukansu sun yi daidai da yawan na'urori masu aiki, to babu yoyon ƙwaƙwalwa ta wannan hanya, wataƙila yawan ne ya fi ƙarfin rumbun, kuma a nan ne kaɗai shawarar ƙara ƙwaƙwalwa za ta iya yin ma'ana.

Bayan haka ka ɗauki ƙidayar azuzuwa da jcmd, wato GC.class_histogram, sau biyu da tazarar wasu sa'o'i, ka kwatanta. Ka lura da ajin MBean naku, da javax.management.ObjectName, da com.sun.jmx.mbeanserver.NamedObject, domin idan waɗannan ukun suna hawa tare da ajin Channel, magana ta kusa ƙarewa. Amma ka sani wannan umarni yana tilasta cikakkiyar shara kafin ya ƙidaya, sabar za ta ɗan tsaya, don haka kada ka yi shi da hantsi lokacin da kasuwa ke ci.

Hujjar da babu mai musa ta ita ce hoton rumbu, wato fayil mai kwafin duk abin da ke cikin rumbun a lokacin. Ka ɗauke shi da jcmd GC.heap_dump, ka buɗe da Eclipse Memory Analyzer, ka duba bishiyar da ke nuna wane abu ne ke hana share wane. Idan zarginka gaskiya ne za ka ga JmxMBeanServer da teburinsa na Repository a can sama, riƙe da kaso mai tsoka na rumbun. Daga nan ka zaɓi Channel ɗaya da aka riga aka rufe, ka nemi hanyar da ta haɗa shi da tushe, ka cire riƙo masu rauni daga binciken, hanyar da ta rage ita ce mai laifi. Ina kuma ba da shawarar ku sanya -XX:+HeapDumpOnOutOfMemoryError tun yau, tare da tabbatar da cewa faifan yana da wurin da zai ɗauki fayil mai girman rumbun.

Gargaɗi ɗaya da ba zan tsallake ba: hoton rumbun sabar kuɗi yana ɗauke da lambobin katin mutane a fili. Kada ka ɗora shi a nan ko a wani wuri don a taimaka maka, kada kuma ka kwafe shi a kwamfutarka ta gida. A bincika shi a injin da ke cikin kariyar ofis, a goge shi da an gama.

Game da kashe JMX gaba ɗaya, idan abokin aikinka yana nufin rufe ƙofar da JConsole ke shigowa daga nesa, wannan ba zai canja komai ba, domin kod ɗinku zai ci gaba da rajista a cikin gida ko da babu mai kallo.

Hajiya Mai Netwok ta amsa:

Malam Baffa ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina ganin ya wuce da sauri a kan hali na biyu, wato haɗin da ba ya rufuwa, alhali ga na'urorin da ke kan layin salula a ƙasarmu shi ne na fi tsammani, ko aƙalla yana tafiya tare da na farko.

Haɗin TCP yana rufuwa cikin tsari ne idan ɗaya ɓangaren ya aiko da FIN ko RST, wato alamar sallama ko ta katsewa. Na'urar POS da batirinta ya ƙare a hannun wakili bayan an ɗauke wuta, ko wadda sabis ya ɗauke mata a tsakiyar ciniki, ba ta aiko da komai. Haka nan na'urorin kamfanin sadarwa da ke tsakani, waɗanda ke raba adireshi ɗaya ga dubban layuka, sukan manta da haɗin da ya yi shiru na wani lokaci ba tare da sun sanar da kowa ba. A wajen sabar, haɗin yana nan a matsayin ESTABLISHED, kuma tunda sabar irin taku ba ta magana sai an yi mata, ba za ta taɓa aika abin da zai tona cewa babu kowa a ɗaya gefen ba. Na'urar kuwa da ta farfaɗo sai ta buɗe sabon haɗi daga sabon adireshi ko sabuwar ƙofa, a yi mata sabon MBean, tsohon yana nan. A wannan hali kod ɗin soke rajista yana iya zama daidai ɗari bisa ɗari, ba a dai taɓa kiransa ba ne.

Mutane da yawa suna dogara da SO_KEEPALIVE, wato gwajin da TCP ke aikawa don ganin ko ɗaya gefen yana raye, ba tare da sun duba lambobinsa ba. Da farko ba ya aiki sai an kunna shi a kan kowane haɗi. Na biyu, a Linux idan ba a canja ba, tcp_keepalive_time daƙiƙa 7200 ne, wato sai haɗi ya yi shiru na sa'a biyu kafin a aika gwaji na farko, sannan a maimaita sau 9 da tazarar daƙiƙa 75, wanda ya ƙara minti 11 da daƙiƙa 15. Ke nan ko an kunna shi, gawar haɗi za ta zauna fiye da sa'a biyu tana cin wuri, kuma a ranar da sabis ke ɗaukewa yana dawowa na'ura ɗaya tana iya barin gawarwaki da dama a cikin wannan tazara. Tun daga Java 11 ana iya rage waɗannan lambobi ga kowane haɗi ta TCP_KEEPIDLE da 'yan'uwansa, amma ni na fi son a yi abin a matakin manhaja, inda kake da iko a kansa kuma kake iya rubuta dalilin rufewa a log.

Tunda kuna kan Netty, ka duba ko akwai IdleStateHandler ko ReadTimeoutHandler, masu lura da haɗin da ya yi shiru, a jerin masu sarrafa saƙonku. Idan babu, ka sanya, ka kayyade cewa duk haɗin da ba a karanta komai daga gare shi ba na wani lokaci a rufe shi. Tsawon lokacin ya danganta da yadda na'urorinku ke aiki. Idan suna aiko da saƙon 0800 na gwajin layi a kai a kai suna jiran 0810, to ninki biyu ko uku na wannan tazara ya isa. Idan kuwa suna buɗe haɗi ne don ciniki ɗaya su rufe, to babu dalilin barin haɗi ya yi shiru fiye da lokacin da ciniki mafi jinkiri ke ɗauka. Akwai kuma wata dabara mai arha: lambar na'ura tana zuwa a fili na 41 na saƙon ISO 8583, don haka idan lambar da take da haɗi a buɗe ta bayyana a sabon haɗi, ka rufe tsohon nan take, matuƙar tsarinku bai yarda na'ura ɗaya ta riƙe haɗi biyu ba.

Idan ka gudanar da ss, ka ware waɗanda ke CLOSE_WAIT daban. Wannan matsayi yana nufin na'urar ta yi sallama yadda ya kamata, manhajarku ce ba ta rufe nata ɓangaren ba, kuma babu wani lokaci da Linux zai share su da kansa muddin manhajar tana riƙe da su. Ka kuma duba yawan fayilolin da sabar ta buɗe, domin gawarwakin haɗi suna cinye wannan iyaka ma, wata rana kuskuren Too many open files zai iya riga OutOfMemoryError zuwa.

Wani abu a gefe, ɗan'uwa: ka ce MBean yana nuna saƙo na ƙarshe. Idan cikakken saƙon ne, har da fili na 2 da na 35, to duk wanda ya iya buɗe JConsole yana ganin lambar kati da bayanan da PCI DSS, ƙa'idar kare bayanan katin banki, ta hana a ajiye bayan an gama tantance ciniki. Wannan ya cancanci gyara ko da babu matsalar ƙwaƙwalwa.

Ɗan Fagge ya sake rubutawa:

Malam Baffa da Hajiya, na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Na bi matakan, kuma abin da na samu ya gaskata ku duka biyu.

Yawan MBean ya zarce yawan haɗin da Linux ke gani nesa ba kusa ba, sannan shi kansa yawan haɗin ya zarce na'urorin da suka yi ciniki a wannan sa'a. Hoton rumbu ya nuna Repository na JMX a sama kamar yadda Malam ya faɗa. Da na koma kod ɗin sai na ga yadda abin yake faruwa. Ana yin rajista da zarar haɗi ya buɗe, lokacin da ba a san lambar na'urar ba tukuna, don haka sunan yana ƙunshe da adireshi da wata kalma da ke nufin ba a sani ba. Bayan saƙo na farko sai a cike lambar na'urar a jikin abin. Wajen rufewa kuma ba a ajiye sunan farko ba, sake gina shi ake yi daga filayen abin, sai ya fito da lambar na'urar a ciki, ya saɓa wa wanda aka yi rajista da shi. unregisterMBean yana jefa InstanceNotFoundException, amma an kama shi an yi shiru, ko layi ɗaya ba a rubutawa a log. Haɗin da ake sokewa daidai su ne kawai waɗanda suka mutu kafin su aiko da komai. IdleStateHandler kuma babu shi sam.

Gyaran waɗannan biyun ba shi da wuya. Abin da ya rage mini shi ne rabin tambayata na biyu. Abokin aikina yana ganin a sa MBean ya riƙe haɗin da WeakReference, wato riƙo mai rauni da ba ya hana shara, domin ko an sake mantawa barnar ta yi sauƙi, ni kuma ina tunanin ko ya kamata mu bar wannan tsari gaba ɗaya, ganin cewa ana shirin ƙara yawan na'urori, kuma ana maganar tura waɗannan ma'aunai zuwa Prometheus, manhajar tattara ma'aunai.

Injiniyan Maradi ya amsa:

Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Ra'ayina shi ne ku bar tsarin, kuma hujjata ita ce yadda manyan manhajojin da suka daɗe a wannan fage suka yi da irin wannan matsala.

Ka dubi Apache Tomcat, sabar yanar gizo ta Java. Yana da MBean mai suna RequestProcessor, amma ba ga kowane haɗi yake yin sa ba, ga abin da ke sarrafa buƙata yake yi, kuma waɗannan abubuwa ana sake amfani da su. Akwai ma'ajiyar da ke riƙe waɗanda ba sa aiki, wadda processorCache ke kayyade ta, kuma idan ba a canja ba 200 ce. Duk wanda ya dawo ya tarar ta cika, sai a soke rajistarsa a bar wa mai kwashe shara. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ake yi da lambobinsa kafin a yar da shi: ana tara su a cikin RequestGroupInfo, wanda ke bayan MBean ɗin GlobalRequestProcessor, inda akwai filaye na musamman da ke riƙe jimillar buƙatu da kurakurai da lokacin aiki na waɗanda aka riga aka cire. Ta haka jimilla ba ta raguwa don an share wani, kuma yawan abin da ke rajista yana bin yawan aikin da ake yi a lokaci guda, ba yawan haɗin da aka taɓa buɗewa ba.

Apache ActiveMQ kuwa, dillalin saƙonni tsakanin manhajoji, yana yi wa haɗi da masu karɓar saƙo da wuraren ajiye saƙo rajista ɗaya bayan ɗaya, kusan irin naku. Da masu amfani da shi suka kai yawan da abin ya yi tsada, sai aka ƙara suppressMBean a sigar 5.12, domin mai kula da shi ya hana rajistar wasu nau'o'i, kamar connectionName=*, ba tare da ya kashe JMX duka ba. Wannan yana nuna cewa ko babu yoyo ko kaɗan, yawan kansa nauyi ne. Kowace rajista da kowace sokewa tana ɗaukar makullin teburin, tana kuma haifar da sanarwa ga duk mai sauraro, shi ya sa JConsole ke wahala idan haɗi yana buɗewa yana rufewa da sauri. Duk wani mai tattara ma'auni da ke zagaya MBean ɗaya bayan ɗaya shi ma aikinsa yana ƙaruwa da yawansu.

Abin da zan yi a matsayinka shi ne MBean ɗaya tak ga kowace ƙofa da sabar ke sauraro. A cikinsa a sa jimilloli: haɗin da ke buɗe yanzu, waɗanda aka buɗe tun tashi, waɗanda aka rufe bisa kowane dalili, da saƙonni da kurakurai, ana ƙirga su da LongAdder domin zaruruwa, wato threads, da yawa su iya ƙarawa ba tare da cunkoso ba. Buƙatar masu amsa koke kuma a biya ta da aiki guda a jikin wannan MBean, wanda za a ba shi lambar na'ura ya duba teburin haɗin da manhajar take riƙe da shi dama, ya kwafo bayanan a lokacin ya mayar. A ƙara wani da ke kawo haɗi hamsin da suka fi daɗewa shiru, ko makamancin haka. Wannan ya ma fi musu sauƙi a kan laluben suna a cikin dogon jeri. Idan suna son tarihin na'urar da ta riga ta yanke, a rubuta layi ɗaya a log lokacin rufewa, da lambar na'ura da tsawon haɗin da dalilin yankewa, domin faifai ne wurin tarihi.

Maganar Prometheus kuwa, ku yi hattara kada ku kwashe matsalar ku kai ta sabon gida. A can ana bambanta ma'aunai da lakabi, kowace gamayyar lakabi daban kuma jerin ma'auni ce mai zaman kanta, kuma kod ɗin Prometheus da ke cikin manhajarku yana riƙe kowane ɗaya a teburinsa har sai an cire shi da hannu, daidai da yadda JMX ke yi. Idan kuka sa adireshi da lambar ƙofar na'ura a matsayin lakabi, kowace sake haɗawa sabon jeri ce, sai ƙwaƙwalwa ta hau a sabarku ta kuma hau a sabar Prometheus. Takardunsu da kansu sun yi gargaɗi a kan sanya abin da ba shi da iyaka a lakabi. Ku tsaya a kan abin da kuka san adadinsa, kamar nau'in saƙo da lambar amsa da samfurin na'ura. Idan ta Micrometer za ku bi, wato kod ɗin da ke fitar da ma'aunai daga manhajar Java, akwai MeterFilter.maximumAllowableTags da ke sa iyaka, ku sanya shi tun ranar farko.

Malam Baffa ya ƙara da cewa:

Na yarda da Injiniya a kan inda ya kamata ku dosa, amma na san canja abin da ma'aikata suka saba da shi yana ɗaukar lokaci, don haka ga abin da zan ce game da gyaran wucin gadi.

WeakReference zai rage girman abin da kowane MBean da aka manta ke riƙewa, amma MBean ɗin da sunansa da gurbinsa a teburi suna nan, yoyon zai ci gaba a hankali ta yadda zai fi wuyar ganewa, kuma kowace hanyar karanta bayani sai ta koyi abin da za ta yi idan haɗin ya ɓace. Haka nan kada ku ɗora sokewa a kan finalize, wanda aka ayyana za a cire shi tun Java 18, ko a kan Cleaner, domin dukansu suna jiran mai kwashe shara ne, shi kuwa ba zai taɓa abin da JMX ke riƙe da shi ba.

Ka ajiye ObjectName ɗin da aka yi rajista da shi, kada a sake gina shi daga komai. Ka sa masa lamba mai hawa da manhajar ke bayarwa maimakon adireshi, domin adireshi da ƙofa suna iya maimaituwa su jawo InstanceAlreadyExistsException, ga kuma alamar ɗigo biyu da ba ta halatta a darajar suna sai an bi ta ObjectName.quote. Lambar na'ura ta zama bayani a cikin MBean, ba ɓangaren suna ba. Sannan a layin da ke bin rajista kai tsaye, ka rataya sokewa a kan closeFuture na Channel ɗin. Amfanin wannan shi ne ana kiransa ta kowace hanya haɗin ya rufu, ko da kuskure ne ko ƙarewar lokaci, kuma idan haɗin ya riga ya rufu kafin ka rataya, Netty zai kira shi duk da haka, wanda ke toshe gibin da kan samu idan ana rajista a wani zare daban. Duk kuskuren da sokewa ta jefa a rubuta shi a log, a kuma ƙirga shi. Ka ƙara ma'auni ɗaya da ke nuna bambanci tsakanin yawan MBean da yawan haɗi, a sa masa ƙararrawa idan ya daɗe bai koma sifili ba.

Wajen gwaji, ka rubuta ɗan shiri da ke buɗe haɗi da yawa, ya aika saƙo na farko domin a cike lambar na'ura, sannan ya yanke ta hanyoyi daban-daban, ka kwatanta getMBeanCount kafin da bayan. Ka lura cewa kashe shirin da kill -9 ba ya kwaikwayon na'urar da sabis ya ɗauke mata, domin Linux zai rufe haɗin a madadinsa ya sanar da sabar. Don ka samu halin da Hajiya ta bayyana, sai ka sa dokar DROP ta iptables a injin gwajin ta haɗiye duk abin da ke fita zuwa ƙofar sabar, sannan ka jira lokacin IdleStateHandler ya cika ka ga ko lambar ta sauko.

Idan bayan duk wannan rumbun ya daidaita amma ƙwaƙwalwar da Linux ke nuna wa JVM tana ci gaba da hawa, to ka duba wajen rumbu, domin Netty yana ajiye mafi yawan ma'ajin saƙonninsa a can. Ka tashi sabar gwaji da -XX:NativeMemoryTracking=summary, ka ɗauki VM.native_memory baseline da jcmd, bayan wasu sa'o'i ka nemi summary.diff, ka kawo mana sakamakon tare da abin da ma'aunin PooledByteBufAllocator, mai raba ma'ajin saƙonni a Netty, ke nunawa a daidai wannan lokaci.